Janaretan Hajiya Rabi: a zaure ko a waje?

Daga Zauren 'Yan Zangon Kumasi

Hajiya Rabi Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masu sani nake nema. Yarona da ke Italiya ya aiko kuɗi an saya mini janareta mai shan fetur, an rubuta 6.5 kVA a jikinsa. Saboda firiza biyu ne da nake sa sobolo (zoɓo) da burkina (nono da gero) da ruwan leda, da an ɗauke wuta sai burkina ta yi tsami, uwar kuɗi ta tafi. Gidanmu na haya ne, ɗakuna sun kewaye tsakar gida, iyali 11 muke ciki. Na ce a ajiye shi a zaure a ja ƙofa saboda ɓarayi. Wani yaro a layinmu kuma ya ce ba sai na ɓata kuɗi wajen canjoba, wato makunnin da ke juya gida tsakanin wutar gari da ta janareta, ba, zai haɗa mini waya mai kai biyu, ɗaya a janareta ɗaya a soket ɗin ɗakina, ni dai in riƙa kashe babban makunnin da ke kusa da mita. To matar da ɗakinta yake jikin zaure ta fara ƙorafi tun ba a kunna ba, wai goyo gare ta. Ni ban ga abin faɗa a nan ba. Ku me kuka gani?

Ɗan Sawaba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya sa albarka, Allah ya ƙara wa ɗan Italiya buɗi. Mu dai a ware mana gurbin cajin waya.

Zainabu Nas:
Mma, don girman Allah kada a kunna shi a zauren nan ko na minti biyar. Maƙwabciyarki tana da gaskiya, kuma ba ɗanta kaɗai ke cikin haɗari ba, har ke. Hayaƙin da ido yake gani ba shi ne mai kisan ba. A cikinsa akwai wata iska, kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Idan mutum ya shaƙe ta, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin take kamawa sau 200 da ɗoriya, sai jini ya yi ta yawo a jiki babu abin da yake kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya. Farkonta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala. Mu nan kowa ya ji haka sai ya ce zazzaɓin sauro ne, ya sha magani ya koma ya kwanta a ɗakin da gubar take. Wanda yake barci kuwa ba ya ma jin komai, daga barcin sai a wuce. Jariri da mai ciki da tsoho mai ciwon zuciya su take fara kayarwa. Zaure da ƙofa a rufe, ga tagar mutane a jikinsa, babu wurin da ya fi shi muni.

Baba Tanko Asawase:
'Yan boko kun iya tsoratar da mutane. Ni na ga ɗauke wutar 1983 da ruwan madatsar Akosombo ya ja baya, na ga ta 1998, na ga ta 2006 zuwa 2007, na ga dumso, wato yawan ɗauke wuta, na 2015 da ake ba mu awa 12 a ɗauke awa 24. Tun wancan lokacin janaretana yana barandar ɗakina, ga ni da raina ina rubutu da hannuna. Hajiya, ki ɗan buɗe ƙofar zauren iska ta riƙa shiga, shi ke nan. In kika bar shi waje, kafin asuba ya zama na wani.

Zainabu Nas:
Baba, Allah ya ƙara tsawon rai. Amma barandarka a buɗe take ta fuskar titi, na san gidan. Duk da haka zan so in tambayi Goggo ko tana tashi da nauyin kai a daren da aka kwana da inji. Buɗe ƙofa kaɗan ko sa fanka ba ya raba zaure da wannan iska, inji yana fitar da ita fiye da yadda ƙofa take kwashewa. Abin da ake faɗa shi ne a nisanta shi da ƙofa da taga aƙalla mita 6, bakin salansa ya juya wa gida baya.

Kuma tunda magana ta zo, duk wanda ya ga mutanen ɗaki ɗaya sun kamu da ciwon kai lokaci guda alhali inji na aiki, a fitar da kowa sarari, a kashe injin, a tafi asibiti ko a kira 112. A gaya wa ma'aikata cewa hayaƙin janareta ne. Wannan yana da muhimmanci, domin 'yar na'urar nan da muke maƙala wa mutum a yatsa tana iya nuna oksijin ya cika alhali jinin guba ya ɗauka. In ba a faɗa mana ba, sai a ɓata lokaci ana neman zazzaɓi.

Hajiya Rabi Aboabo:
Innalillahi. To 'yata, mita 6 a ina? Tsakar gidanmu duka in ka tsaya a tsakiya tagar wani tana kallonka ta kowane ɓangare. Ga igiyar shanya, ga masu girki.

Bashir Mai Wayarin:
Hajiya, zan dawo kan wurin ajiya, amma bari in fara da yaron nan mai waya kai biyu, don shi ya fi tayar mini da hankali. Ki gaya masa Bashir na Akwatia Line ya ce ya bari.

Na farko, kan wayar da za ki soka a soket, da zarar inji ya tashi haƙoransa a waje suke da wuta volt 230. Yaro ya fizge ta yana wasa, ko ke kanki ki zare ta cikin duhu, sai dai wani labarin. Na biyu, soket ɗinmu na Gana amfiya 13 yake ɗauka, wato wajen wat 3,000. Injinki yana iya turo sama da amfiya 20. Wayar da ke cikin bango ba a yi ta don ta ciyar da gida ta baya ba, za ta yi zafi a inda ido ba ya gani.

Na uku shi ne babba. Duk wannan dabara a kan abu ɗaya ta rataya: kada a taɓa manta kashe babban makunni. Ranar da kika je suna a Tafo aka ɗauke wuta, 'yar aikinki ta tayar da inji ta manta, wutarki za ta bi ta mita ta fita kan layin ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Yadda take sauko da volt 11,000 zuwa wutar gida, haka take ɗaga wutar gida ta mayar da ita dubbai in an turo mata ta ƙasa. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau turke yana gyara, ya tabbata babu wuta, wutar janaretanki ce za ta same shi. Ba ki san shi ba, bai san ki ba, yana da iyali.

Baba Tanko Asawase:
Kai Bashir, wannan ɗan injin ne zai kunna taransifoma? Ai lodin unguwa kaɗai ya isa ya shaƙe shi ya mutu nan take. Ni ma na ɗan taɓa aikin wuta a Obuasi kafin a haife ka.

Bashir Mai Wayarin:
Gaskiya ne Baba, sau da yawa haka ake yi, lodin maƙwabta ya danne shi bireka ta faɗi. Amma ba kullum ba. In waya ce ta tsinke, ko an zare fis a turke aka raba layin, abin da ya rage a ɓangarenku gida biyu ne ko uku, injin zai ɗauka ya ci gaba da aiki lafiya lau. Sannan ba sai an kai dubbai ba, volt 230 ɗin ma tana kisa, balle mutum yana saman tsani. Ga kuma ranar da aka kawo wuta inji yana kan layi: wutar ECG da tasa su yi karo, kwil ya ƙone, wani lokaci har da kayan ɗaki. Canjoba aikinta kenan, hannu ɗaya ne mai matsayi uku: ECG, tsakiya babu komai, janareta. Ƙirarta ba ta yarda biyun su haɗu ko da mutum ya so. Mai mantuwa da mai hankali duk ɗaya suke a wurinta.

A sa ta bayan mitarki, kafin akwatin birekunki, ta yanke waya mai wuta da nutural duka biyun. A kafa sandar ƙasa a ɗaure jikin injin da ita. Kuma tun dokar wayarin ta 2011, mai lamba L.I. 2008, wanda Hukumar Makamashi ta ba lasisi ne ya kamata ya yi irin wannan aiki. Ki nemi ya nuna miki katinsa. Ba talla nake yi ba, ki kira duk wanda kika yarda da shi.

Ɗan Sawaba:
Ba talla yake yi ba, amma lambarsa tana nan a saman zaure.

Hajiya Rabi Aboabo:
To na ji ta canjoba, za a saya. Mitata daban take, alhamdulillahi, tun da muka gaji da rigimar kuɗin wuta kowa ya nemi tasa. Saura wurin ajiya. Ku ba ni mafita, kada ku bar ni da kaya a ɗaki ina kallo.

Masta Iliyasu Magazin:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Ni a Suame Magazin nake, unguwar makanikai, injinan nan su nake buɗewa kullum. Tambaya ɗaya zan yi miki: wa ya ce sai inji ya kwana yana aiki? Firiza in ta cika da kaya ta daskare, ba a buɗe ta, tana riƙe sanyi wajen kwana biyu. In rabi ce, kwana ɗaya. Ke ba wutar kwana kike buƙata ba, wutar da za ta mayar da sanyin da aka rasa da rana kike buƙata. Ki tayar da shi da rana ko da yamma awa huɗu zuwa biyar kina zaune a bakin sana'arki kina kallonsa, kafin a yi shirin barci ki kashe. Ɓarawo ba ya ɗaukar abin da mai shi ke kallo, maƙwabta su yi barci babu ƙara, fetur ɗinki ya yi auki.

Wurin kuwa, wajen gida ta bakin titi inda teburinki yake, nesa da tagogin ɗakunan gaba. A yi masa keji na ƙarfe, rufin kwano a sama saboda ruwa, gefe huɗu raga ce iska na wucewa, a ɗaga shi daga ƙasa da bulo saboda kin san Aboabo da damina. A kafa ƙafafun kejin cikin siminti, kwaɗo biyu. Masu walda a Magazin rana ɗaya za su gama shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne akwatin katako ko na kwano rufaffe da wasu ke yi don rage ƙara. Injin nan iska ce take sanyaya shi, in ka toshe shi zai dafa kansa.

Ummu Haidar:
Masta, mu a gidanmu a Sabon Zango mai walda ya ƙara wa salansa dogon bututu ya fitar da shi ta bango, inji yana cikin sito. Wannan fa?

Masta Iliyasu Magazin:
Ana yi, ni ma an sha kawo mini in yi. Manyan injinan dizal da ake gina wa ɗaki haka ake musu, amma su an ƙera su don haka, da bututu mai faɗi da mahaɗi mai lanƙwasa da tagogin iska. Ƙaramin na fetur yana karkarwa, walda tana tsagewa a mahaɗi ba ki sani ba, hayaƙi ya riƙa tsiyaya cikin sito. In bututun ya yi tsawo ko siriri kuma ya shaƙe injin. In siton yana jikin ɗakin kwana, ko silin ɗinsu ɗaya, a fitar da shi.

Zainabu Nas:
Anti Ummu, in ba za a fitar da shi yau ba, aƙalla a nemi ƙararrawar kabon monoksaid mai batir a rataye a ɗakin kwana. Ba irin ta hayaƙin gobara ba, a duba rubutun jikinta. Amma ita gargaɗi kawai take yi, ba ta maye gurbin fitar da injin.

Malam Hudu:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Hajiya, abin da zan ƙara kaɗan ne. Matar nan da ta yi magana ba tsokana ta yi ba, haƙƙinta ta nema, kuma ƙa'idar addini a nan a fili take: ba cuta, ba cutarwa. Ki same ta ki gaya mata an sauya shawara, ki kuma sanar da mai gida kafin a fasa siminti a ƙofar gidansa. In da hali ki ja kwan fitila ɗaya zuwa tsakar gida da bayi, kowa ya amfana. Za ki ga masu ƙorafi sun koma masu gadi.

Bashir Mai Wayarin:
Kwan fitila ɗaya babu laifi Malam, in an ja masa wayarsa daban. Amma kada a fara "ɗan ja mini ni ma", a soka a soket ɗin ɗakin wani, don an koma gidan jiya ta wata mitar. Kuma Hajiya ki sani, lambar da ake rubutawa da manyan baƙi a jikin irin waɗannan injinan yawanci ƙarfin ƙoli ne na ɗan lokaci. Wanda zai iya riƙewa awa da awanni ya yi ƙasa da haka, yana kan ƙaramin allon da ke gefe. Firiza ba ta cin wuta sosai in tana tafiya, amma lokacin tashi kwamfuresa tana fizgar ninki uku ko fiye. Shi ya sa ba a tayar da inji da kaya a kansa. A tayar da shi babu lodi, ya daidaita minti biyu, a juya canjoba, a kunna firiza ɗaya, a ɗan jira, a kunna ta biyu. Wajen kashewa a sauke lodi tukuna. In wuta ta yanke wa firiza tana cikin aiki, a ba ta kamar minti biyar kafin a mayar. Dutsen guga da butar lantarki da hita ta ruwan wanka, waɗannan su ne masu cinye ƙarfi, buta ɗaya wajen wat 2,000 ce.

Masta Iliyasu Magazin:
Sai fetur. Gidan haya kowa da kurfotinsa a ƙofar ɗaki. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya tarar da garwashi daga nesa wuta ta biyo shi ta dawo kan galan. Kada a ƙara mai inji yana aiki ko yana da zafi, a kashe ya huce. Kada a haska tanki da ashana ko kyandir, kada a ajiye galan ƙarƙashin gado, kada a zuba fetur a robar ruwa ko ta sobolo inda yara suke. A sayi tukunyar kashe gobara mai hoda a rataye kusa. Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, yaɗa ta yake yi. In babu komai, yashi.

Baƙin mai: sabon inji a juye na farko bayan awa 20, don ɗanyen ƙarfe yana zubar da gari. Daga nan duk awa 50 zuwa 100, yadda littafinsa ya ce. A duba sandar mai kafin kowace tayarwa. Da hunturu soson iska yana cika da ƙura, a wanke shi a kai a kai. In za a yi makonni ba a kunna ba, a rufe famfon mai a bar shi ya shanye na cikin kafireta ya mutu da kansa, in ba haka ba fetur ya bushe ya zama danƙo, sai a kawo mini a ce inji ya lalace.

Baba Tanko Asawase:
Da an gyara wutar ƙasa da duk wannan surutu bai taso ba. An ce an kawo injinan tashar wuta ta Ameri zuwa Anwomaso a 2024 saboda Kumasi, ga mu har yanzu muna lissafin galan.

Shugaban Zaure:
Baba, da girmamawa, siyasa tana da ranarta. A tsaya kan inji.

Malam Hudu:
Tunda masana sun hallara, bari in shigo da tamu. Masallacinmu wani bawan Allah ya ba mu janaretan dizal 20 kVA mai tashi da kansa in an ɗauke wuta. Shekarar farko lafiya. Yanzu abu biyu: wani baƙin ruwa mai kauri yana tsiyaya ta bakin salansa, ga hayaƙi. Sannan Juma'ar da ta wuce liman yana kan mumbari aka ɗauke wuta, inji ya yi ƙas-ƙas ya yi shiru, sai da ladan ya riƙa ɗaga murya. Kwamiti ya rabu biyu, wasu sun ce tsoho aka ba mu aka yi masa fenti.

Abdul Nima:
Malam, ina gaisuwa daga Ankara, babban birnin Ghana. Ni aikina kenan, kula da janaretan wani ƙaramin asibiti. Kafin a zargi mai kyauta, me da me kuke ɗora wa injin?

Malam Hudu:
Fanka 20, ƙwayayen fitila na zamani, da na'urar lasifika. Shi ke nan. Muna lallaɓa shi don ya daɗe.

Abdul Nima:
To lallaɓawar ce ta kawo baƙin ruwan. Mu lissafa. Fankar silin wajen wat 75 ce, guda 20 sun zama 1,500. Fitilu da lasifika a ce 500. Duka wat 2,000. Injinku 20 kVA yana ba da wajen wat 16,000. Kenan kashi ɗaya cikin takwas kuke amfani da shi. Injin dizal in lodinsa bai kai wajen kashi 30 cikin 100 ba, cikinsa ba ya yin zafin da zai ƙone mai sarai. Ragowar dizal da baƙin toka su taru su biyo salansa, shi ne abin da kuke gani. Kamar doki ne da aka ɗaure ana ba shi dawa ba a hawa. Maganinsa a ba shi aiki: a haɗa masa famfon borhol da azuzuwan makaranta, ya kai aƙalla wat 5,000, sannan lokaci-lokaci a ɗora masa lodi mai nauyi na awa ɗaya ko biyu ya ƙone dattin. In abin ya yi nisa makaniki ya duba nozul.

Ƙin tashin Juma'a kuwa, wannan ƙas-ƙas ɗin batir ne ko kan batir ya yi tsatsa. A aikinmu shi ne abin da ya fi hana janaretan jiran ko-ta-kwana tashi. Inji yana zaune, allon sarrafawa yana ɗan shan batir dare da rana. Dole a sami caja mai aiki da wutar ECG tana riƙe shi. Ku duba ko wani ya kashe soket ɗinta don tsimin kuɗin mita, na sha ganin haka. Mu duk mako muna tayar da namu, duk wata kuma mu yanke wutar ECG da gangan mu ga ya tashi da kansa, ya ɗauki lodi rabin awa, ya mayar. Ku ku sa naku ranar Alhamis. Abin da zai ba ku kunya gara ya ba ku ita babu kowa a sahu.

Ɗan Sawaba:
Ladan dai ya samu ladan ɗaga murya.

Malam Hudu:
Allah ya shirye ka Ɗan Sawaba. Abdul, ka taɓo wani abu. Cajar nan na ga an zare ta an sa cajin fitila. Yaran makaranta ne ke share wurin, makullin yana rataye a ƙusa.

Abdul Nima:
Malam, wannan ya fi baƙin ruwan haɗari. Inji mai tashi da kansa ba ya sallama. Yana shiru, yaro ya sa hannu yana goge ƙura kusa da fanka ko fanbel, a ɗauke wuta, cikin daƙiƙa kaɗan ya tashi. Ga babbar riga, ga rawani, ga hijabi. Duk wanda zai buɗe murfinsa ya mayar da allo kan kashe, ya danna jan maɓallin gaggawa, ya kashe caja, ya zare kan batir na nagatif. Akwatin da ke juya wuta da kansa kuma ko inji a kashe yake akwai wutar ECG a cikinsa, mai lasisi kaɗai ya buɗe. Murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi. Kuma a daina zuba masa ruwan borhol zalla, yana tara ƙanzo da tsatsa, a sa ruwan sanyaya inji da aka yi don haka. A tace ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar dizal, tanki ya riƙa zama a cike don kada raɓa ta taru a ciki. Baƙin mai da filta yawanci awa 250 ne ko shekara, wanda ya riga zuwa, agogon awa yana kan allo.

Amma duk wannan ba zai yiwu ba in makulli yana ƙusa. Kwamiti ya naɗa mutum ɗaya da mataimaki, a ba su littafi: ranar da aka tayar, awa nawa, dizal nawa, wa ya taɓa me. Injin jama'a da babu sunan kowa a kansa, kowa yana zaton wani ya duba.

Baba Tanko Asawase:
Wannan na yarda da ita. Na masallacinmu haka ya mutu, mutum bakwai ke da makulli, da aka tambaya wa ya ga baƙin mai na ƙarshe kowa ya kalli ɗan'uwansa.

Bashir Mai Wayarin:
Alhamdulillahi, yau Baba ya yarda da abu ɗaya. Malam, wani abin: in an kawo wuta, akwatin ba ya komawa nan take, yana jira ya tabbata wutar ta zauna, sannan inji ya ci gaba da juyawa 'yan mintoci babu lodi don ya huce. Mutane suna ganin haka su ce ɓarnar dizal ce su danna jan maɓalli. A bar shi ya gama, haka aka tsara shi. Jan maɓallin na gaggawa ne, kuma in an danna aka manta ba a sake shi ba, gobe inji ba zai tashi ba.

Hajiya Rabi Aboabo:
Na je na sami maƙwabciyata, mun yi magana, har ta ce mijinta ya san mai walda. Mai gida ne ya ce sai ya zo ya ga wurin da idonsa ranar Lahadi, kuma in za a fasa siminti a ƙofar gidansa sai an yi rubutu. Yaron mai waya kai biyu ya yi fushi, ya ce gidaje nawa ya yi wa a layin nan babu abin da ya faru.

Bashir Mai Wayarin:
Gidaje nawa? Hajiya, ki turo mini shi Akwatia Line. Ba faɗa zan yi masa ba, in yana son aikin in koya masa ya je ya yi jarrabawar lasisi. Amma sai ya kai ni gidajen nan ɗaya bayan ɗaya mun zare wayoyin.

Malam Hudu:
Na tambayi ladan yanzu. Ya ce watannin baya injin yana yawan mutuwa da kansa, wata jar alama mai kama da butar mai tana fitowa a allo. Aka kira wani makaniki, ya zare wata siririyar waya a gefen injin ya naɗe ta da salatif, tun daga nan bai sake mutuwa ba. Kwamiti har ya yi masa godiya.

Masta Iliyasu Magazin:
Subhanallahi. Malam, wannan alamar ƙarfin baƙin mai ce. Injin yana kashe kansa ne don mai ba ya isa inda ya kamata, ko kuma sensa ce ta lalace tana ƙarya. Makanikin bai gano wanne ne ba, bakin mai gargaɗin kawai ya toshe. In sensa ce, abu ne ƙarami. In kuwa da gaske mai ne, ko dizal ɗin da Abdul ya faɗa ya gangara ya tsinka shi, injin zai yi ta juyawa har karanshaf ya kama, kuma kuɗin wannan gyaran kwamitinku ba zai so jin sa ba. Ku zare sandar mai ku shinshina, in kun ji warin dizal ko man ya haura alama, ku gaya mini.

A mayar da allo kan kashe yau ɗin nan, kada a bar shi a kan tashi da kansa. Ku ɗauki hoton allon lambar da ke jikin injin ku turo mini in nemo sensa a Magazin. Jibi bayan la'asar zan zo da geji in auna ƙarfin man da kaina. Juma'ar nan ku ari ƙaramin inji saboda lasifika, a ajiye shi can bayan wurin alwala.